Awa Ɗaya da Ba Ta Cikin Tikiti

Tun kafin kowa ya gani, Yatsa Takwas ya riga ya gani. Ko daga barci aka tashe shi abin da zai faɗa ke nan, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ranar da sabon Manaja ya shigo ɗakin jiran fasinja da tikiti a hannu, yana ƙirga awoyi da bakin biro, tsohon yana can lungu yana matse tsumma a bokiti. Ya ɗaga kai ya dube shi sau ɗaya tak, ya ce a ransa, wannan sai ya jiƙa mana jirgi.

Shekara talatin da ɗaya Yatsa Takwas yana share jirgi a wannan ɗan fili. Filin ba wani abin a zo a gani ba ne: titin sauka guda ɗaya, ɗakin jira mai benci shida, sikelin auna kaya, ban ɗaki biyu, sai shingen waya wanda awaki suka gama rainawa. Manajoji biyar ya ga zuwansu ya ga tafiyarsu. Farfelar jirgi ta cinye masa yatsu biyu na hannun hagu, ya naɗe wurin da tsumma ya ƙarasa aikin ranar kafin ya nemi asibiti, daga nan sunan ya bi shi. Bai taɓa zama a aji ba. Ko sunansa aka rubuta a bango, wuce shi zai yi kamar baƙo. Amma ya san agogo, ya san jirgi, kuma ya san abin da cikin ɗan Adam yake iya riƙewa da wanda ba ya iyawa, don shi ke kwashe abin da ya biyo baya.

Jirgin nasu kujera goma sha biyu gare shi, kuma ba shi da ban ɗaki. Litinin da Alhamis yake tashi zuwa wani ɗan fili can yamma mai nisa, kilomita dubu da ɗari biyu in ji masu karatu. A mota kwana biyu ne cur, in gada ba ta karye ba. Ba inda ake yada zango a hanya. In an rufe ƙofa, to an rufe.

Shi ya sa tsohon yake da wani aiki wanda ba wanda ya ɗora masa. Saura minti goma sha biyar a shiga jirgi, sai ya tsaya a bakin ƙofar fita ya gicciya sandar goge-goge, ya ɗaga murya.

"Jama'a, a rage kaya! Ga na maza, ga na mata. A sama ba a ce wa direba ya tsaya!"

Wasu su yi dariya, wasu su tsuke fuska, amma kowa sai ya bi ta can kafin ya janye sandar. A shekara ashirin da ya yi yana haka sau huɗu kawai ya wanke fitsari a kujera, kuma duk huɗun masu taurin kai ne da suka tsallake sandarsa. Har yau yana iya nuna kujerunsu ɗaya bayan ɗaya.

Sabon Manaja daga wani otal aka kwaso shi. Takalminsa mai tsini, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Ran Litinin ɗinsa ta farko ya ji wannan kira, ya fito daga ofis kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Kai Baba, mene ne haka? Tashar mota ce nan? Mutanen kirki sun zo hawa jirgi kana kora su bayi kamar 'yan firamare?"

"Yallaɓai, haka muke yi."

"Haka kuka yi. Daga yau bokitinka kawai na sani. Fasinja ba abokin hirarka ba ne."

Tsohon ya haɗiye. Ya taɓa haɗiye abin da ya fi wannan ɗaci.

Ran Alhamis da sassafe ya shigo da bokitinsa, sai ya tarar da abu biyu da ba sa nan jiya. Na farko wani allo fari ƙal an kafa shi a saman ƙofa da manyan haruffa ja. Na biyu tebur an shimfiɗa masa ƙyalle, a kai ga fulas uku manya-manya na shayi, ga kofuna a jere, ga robobin ruwan sanyi suna zufa. Ya matsa wajen Mai Sikeli, matar da ke auna kayan fasinja, wadda suka shekara goma sha biyu suna tsokanar juna.

"'Yar nan, me allon can yake cewa?"

"Baba Takwas, sai yaushe za ka shiga makaranta ne? Cewa ya yi: Tafiyar kwana biyu a awa biyu da rabi kacal. Shayi kyauta."

"Awa nawa?"

"Biyu da rabi."

Tsohon ya ajiye bokitin a hankali don kada ya jefar. Ya nufi Manaja, wanda ke tsaye yana gyara jerin kofuna.

"Yallaɓai, allon nan ƙarya yake yi. Awa uku da rabi ce, in iska ba ta tare gaba ba."

Manaja ya zaro tikiti daga aljihu ya ɗaga masa a fuska. "Tashi ƙarfe tara. Sauka sha ɗaya da rabi. Cire tara daga sha ɗaya da rabi, nawa ya rage? Ko yatsun ba za su kai ba?"

"Agogon can ba namu ba ne. Ranarsu makara take yi. Lokacin da namu ya buga sha biyu da rabi, nasu yana sha ɗaya da rabi. Na tikitin nan nasu ne aka rubuta."

Wannan ba a baki ya ji shi ba. Shekaru ashirin da suka wuce wani tsohon matuƙi ya taɓa ɗaukar sa zuwa can don ya taya shi sauke kaya. Da suka sauka ya dubi agogon hannunsa, ya dubi na bangon ɗakin jiransu, ya ga nasu ya yi baya da awa guda. Shi da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce, sai ya jawo kujera ya hau zai gyara musu. Mutanen wurin suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya sauko da kunyarsa, amma ya sauko da ilimin da bai sake barin kansa ba. Kuma a wannan tafiyar, cikin mutum tara, yana rantsuwa shi kaɗai ya taka ƙasa da busasshen wando. Daga ranar ya fara gicciya sanda.

Manaja ya yi murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali. "Baba, wannan sai in ka haye teku. Na yi aiki da baƙi daga ko'ina, ba kai za ka koya mini bambancin lokaci ba."

"To dawowa fa? Tashi sha biyu da rabi, sauka huɗu da rabi. Awa huɗu ke nan a lissafinka. Hanyar ce take miƙewa da rana, ko garin ne yake ja da baya?"

"Iska ce."

"Iskar daga yamma take busowa, Yallaɓai. In zai dawo turo shi take yi."

Mai Sikeli ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya, kuma Manaja ya gan ta. Nan fuskarsa ta canza.

"Ka saurare ni da kyau. Yau ne ranar farko ta sabon tsari. Ka buɗe baki ka yi wa fasinja ɗaya magana, ko sannu ce, ka ajiye mini katinka na aiki. Kuma ka san ɗakin da kake ciki a bayan fili na mai kati ne."

Ɗakin nan shekara ashirin da shida suna cikinsa shi da matarsa. Ita ta dasa bishiyar lemon da ke ƙofar. Da Manaja ya juya, Mai Sikeli ta rage murya.

"Baba Takwas, don Allah ka ja bakinka. Mararsu ce, ba taka ba. In sun jiƙa ka wanke, ai ba yau ka fara ba."

Ya so ya fita ya gaya wa Kyaftin, matuƙin jirgin, amma Kyaftin ta ƙofar baya yake shiga, yana can ƙarƙashin fiffike yana duba mai, kuma Manaja ya kafa tsohon a ɗakin jira ya ce ya yi ta goge ƙasa har jirgi ya tashi. Kyaftin kan faɗi tsawon tafiya, gaskiya ne, amma sai bayan an rufe ƙofa an ɗaure bel.

Fasinjoji suka fara zuwa, kuma abin kyauta ba ya neman mai talla. Yatsa Takwas yana jan tsumma yana ƙirga kofuna da wutsiyar ido. Wani ɗan kasuwa mai tumbi ya shanye biyu ya miƙa hannu a ƙara. Wasu 'yan mata biyu suka sha, suka cusa robar ruwa a jaka. Manaja yana ta zagayawa da fulas, yana cewa, "A ƙara, a ƙara, kafin ya huce kun isa." Ƙofar ban ɗaki kuwa ko ƙuda bai tura ta ba.

Tsohon ya ce a ransa, ku sha. Ku sha har ku ƙoshi. Ni dai ɗakina.

Sai idonsa ya sauka a kan wata tsohuwa a bencin ƙarshe. Siririya ce, ta takure wuri ɗaya, da gani ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya nutse a ciki. Ɗanta, wani mai kwat da tabarau, yana gefenta yana latsa waya. Kofi na biyu ne a hannunta, kuma ba don tana so ba, don dai babban mutum ne ya zuba mata da hannunsa. Ɗan ya ɓare wata ƙwaya 'yar ƙarama fara ya sa mata a tafin hannu.

Yatsa Takwas ya san ƙwayar nan kamar yadda ya san yatsunsa. Irinta matarsa take sha don kumburin ƙafa, kuma in ta sha da safe, kafin hantsi ta yi sawu biyar zuwa bayi.

Ya tsaya da tsumma a hannu. Ya hango matar nan a kujera, an ɗaure ta da bel, ɗanta a gefe, baƙin maza a gaba da baya, awa ta uku ta shiga ba alamar ƙasa. Ya san yadda irinsu suke saukowa. Ya taɓa ganin ɗaya, ta ƙi tashi daga kujera sai da kowa ya fita, tana kuka ba sauti.

Ya jingine sandarsa, ya je ya durƙusa a gabanta.

"Iya, ajiye kofin nan. Ƙwayar ma kada ki sha yanzu. Jirgin nan ba shi da wurin bawali, kuma tafiyar ta fi abin da aka rubuta."

Ɗan ya zabura. "Kai wane ne? Wane irin rashin ta-ido ne wannan, a gaban mutane kake wa mahaifiyata irin wannan magana?"

"Bar shi," in ji tsohuwar. Ta dubi hannunsa mai yatsa uku, ta dubi fuskarsa. "Awa nawa ka ce, bawan Allah?"

"Uku da rabi, Iya. In iska ta yi kirki."

Ta ajiye kofin a ƙasa. Ta ƙulle ƙwayar a bakin mayafinta ta ce sai sun sauka. Sannan ta miƙa wa ɗanta hannu. "Tashi ka raka ni. Kai ma da ka shiga."

Tunda ruwa ya riga ya kai wuya, tsohon ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya gicciya ta a ƙofa, ya saki muryar da ta fi ta kullum.

"Jama'a, a rage kaya! Allon nan ƙarya ne, awa uku da rabi ce! A sama ba a ce wa direba ya tsaya!"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ɗan kasuwa ya ɗaga kofinsa na uku ya ce, "Mai takalmi ya ce biyu da rabi, mai bokiti ya ce uku da rabi. Ni dai ina bayan mai takalmi!" Aka ƙara fashewa. Ban da tsohuwar, mutum ɗaya ne kawai ya tashi ya shiga, shi ma yana waige-waige kamar ɓarawo.

Manaja bai yi ihu ba. Ya zo ya cire katin daga wuyan tsohon da yatsa biyu, kamar mai ɗauke mataccen ɓera, ya nuna masa ƙofar waje.

Yatsa Takwas bai je gida ba. Ya zauna a kan wani dutse a bayan shinge, ya ga jirgi ya tashi ƙarfe tara daidai. Ya dubi tutar iska da ke bakin titi, ya ga ta miƙe sambal tana nuna gabas. Ya girgiza kai. Yau ko uku da rabin ma ba za su samu ba.

Nan ya wuni. Biyar saura kwata jirgi ya dawo. Farfela ba ta gama tsayawa ba aka banko ƙofa, fasinjojin dawowa suka yi ta dirowa da hankici a hanci, wata mata ta durƙusa a gindin fiffike tana kelaya amai. Kyaftin ya fito na ƙarshe, ya jefar da hularsa a ƙasa.

"Wa ya ba su shayi? Na ce wa ya ba su shayi? Ina Baba Takwas?"

Mai Sikeli ce ta zo da gudu ta kira shi. Ya taso ba gaggawa, ya bi ta ƙofar baya, ya hau matakala uku ya leƙa.

Shekara talatin da ɗaya hancinsa yana aiki, bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Can filin babu mai shara, mai zuba mai ne kawai, shi kuwa ya watsa bokitin ruwa ya rufe ƙofa ya bar jirgin a rana awa guda, abin ya dahu. Kafet ɗin ƙasa in ka taka sai ruwa ya tsattsafo. An shimfiɗa kwalaye a kan kujeru don masu dawowa su samu wurin zama, kwalayen sun jiƙe sun yi laushi. Ga ledojin amai an ƙulle wasu, wasu ba a samu zarafi ba. Ga robobin ruwan nan na kyauta, an shanye an sake cika su, ɗaya murfinta bai zauna ba, ta yi ta gangara daga wutsiya zuwa gaba duk lokacin da jirgi ya yi tangal-tangal. A ƙarƙashin kujera ta bakwai akwai takalmi ƙafa ɗaya, babba, cike taf.

"Na mai tumbin nan ne," in ji Kyaftin daga bayansa, yana toshe hanci. "Awa huɗu ba minti biyar muka yi, iska ta tare mu. Tun awa ta biyu yake roƙona in sauka ko a gona ne. Da ƙafa ɗaya ya fita." Ya tofar da yawu. "Wata tsohuwa ce kawai ta zauna abinta kamar tana ɗakinta. Da za ta sauka ta ce in gaida mai sanda."

Tsohon ya dubi kujera ta goma sha ɗaya. Ita kaɗai ba a ɗora wa kwali ba.

Da ya sauko, Manaja ya ja shi bayan wutsiyar jirgi inda ba mai ji. Turaren nan nasa duk ya gudu. Ya zaro katin daga aljihu.

"Baba, abin da ya wuce ya wuce. Ga katinka, ɗakinka yana nan. Ka wanke shi tas kafin gobe. Abu ɗaya kawai: in an kira daga babban ofis, ka ce kai ka tsorata su da maganarka, shi ya sa cikinsu ya ruɗe. Ni kuma in ce na yafe maka saboda tsufa."

Yatsa Takwas ya dubi katin. Hotonsa ne a jiki, tun yana da baƙin gashi. Ya tuna bishiyar lemo, ta fara 'ya'ya ke nan.

"Allon fa?"

"Allon daidai yake. Iska ce ta ƙara."

"Awa ɗaya da rabi iska ta ƙara?"

"Baba, kati kake so ko gardama?"

Tsohon ya juya ya tafi ɗakin ajiya. Manaja ya saki ajiyar zuciya. Sai ga shi ya dawo da bokiti, da burushi, da garin sabulu, ya jera su a gaban takalmin nan mai tsini.

"Daga gaba za ka fara, don ruwan wajen wutsiya yake gangarawa. Kafet sai an ɓalle shi, maɓallansa goma sha shida ne. Kada ka fesa turare, haɗuwa suke yi su haifi wani abu. Takalmin kuma ka ɗauke shi da hannu biyu." Ya zaro safar hannunsa ta roba daga bokitin ya cusa a aljihu. "Wannan tawa ce. Ko na ba ka ba za ta shige ka ba, yatsa takwas gare ta."

Cikin mako shi da matarsa suka kwashe kayansu suka koma gidan 'yarsu a tsallaken titi. Matarsa ta kwana uku ba ta yi masa magana ba. Rana ta huɗu ta tambaye shi ko tsohuwar nan ta sauka lafiya, ya ce ƙalau, ta ce to, ta tura masa abincinsa.

Allon ya ɓace ba wanda ya ga mai cire shi. Fulas ukun ma haka. A wurinsu aka manna wata takarda da sa hannun Manaja a ƙasa. Mai Sikeli ta karanta masa ta cikin shinge: ana shawartar fasinjoji masu daraja da su ziyarci ban ɗaki kafin tashi, kasancewar tafiyar awa uku da rabi ce. Har an ce babban ofis ya yaba wa Manaja da wannan hangen nesa. Da tsohon ya ji, ya tofar da yawu har sau biyu.

Takarda dai ba ta da sanda, kuma ba ta kallon ƙafar kowa. Shi ya sa duk Litinin da Alhamis, tara saura kwata, Yatsa Takwas yana kan dutsen nan a bayan shinge, inda ikon Manaja bai kai ba, yana gaya wa duk mai wucewa da jaka ya rage kaya.

Wanda kuma yake ganin tsohon ƙari yake yi, hanya a buɗe take. Jirgin yana nan, Alhamis tana zuwa. Ya sayi tikiti, ya nemi kujera ta bakwai, ya sunkuya ya shinshina kafet in rana ta yi zafi. In hakan bai ishe shi ba, ya shanye kofi uku na shayi, ya wuce ban ɗaki ko kallo, ya hau. Sai dai ya tafi da takalmi mai zurfi.